Kyallu da Rijiyar Gangaren Kanya

To, ku matso kusa, ku bar tsokanar juna haka nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani gari ne aka yi a gindin tsauni, ana ce masa Gangaren Kanya. Rijiya ɗaya tak gare su, amma ta ishe su, su da dabbobinsu da matafiyan da ke ratsowa. Ruwanta da sanyi kamar ya kwana a sabuwar randa.

A garin akwai wata mata, sunanta Kyallu, da ƙanenta Nomau. Uwarsu ta rasu Nomau yana rarrafe, don haka a bayan Kyallu ya girma. Ita ta yaye shi da kunu, ita ta koya masa jan guga, ita ta nemo masa mata da ya isa aure. Ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ma ya riga ta gidan gaskiya. Nomau ne ƙanenta, shi ne ɗanta, shi ne abokin hirarta.

Ana nan ana nan, mutane suka yi yawa. Aka sare itatuwan kan tsauni aka yi girki da su, dabbobi suka cinye ciyawa har saiwa. Tsauni ya yi sanƙo, ƙasa ta zama fako. Ba wai an daina ruwan sama ba ne, a'a. Ana yi kamar da bakin ƙwarya. Sai dai da ya sauka sai ya kwaso a guje, ja wur da shi, ya ratsa gari ya faɗa kwazazzabo, kafin la'asar ka rantse ba a yi ba.

Rijiya kuwa ta fara ja da baya. Bana a ƙara wa igiya tsawon gaba guda, baɗi a ƙara gaba biyu. Ran nan aka zura guga, ya fito da laka. Aka sake zurawa, ya fito da tsakuwa. A na uku ya fito wayam.

Mutane suka fara ɗaure kaya suna yin kudu. Wata safiya Nomau ya shigo gidan yayarsa, ya tsuguna.

Kyallu ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka. Na ga jakinka a ƙofar gida da kaya."

Ya ce, "Yaya, mu tafi tare. Ladingo ba ta wuce shekara tara ba, ga shi kullum tana tafiyar rabin yini da tulu a ka. Wuyanta ya fara ƙagewa."

Ladingo ita ce 'yarsa tilo.

Kyallu ta ce, "Ka tafi da ita, gaskiyarka. Ni dai ƙafata ba ta kai ni kudu. Kuma in kowa ya tafi, wa zai gaya muku ran da ruwa ya dawo?"

Ya ce, "To ki yi mini alkawari. Ran da guga ya fito da ruwa, ki aiko."

Ta ce, "Na yi."

Ta raka su har bakin kwazazzabo, ta tsaya tana kallo har ƙurar jakin ta kwanta.

Gida bakwai suka rage a garin, da mai unguwa, wani dattijo Arzika, da kuma Gizo. Shi Gizo ba son gari ya zaunar da shi ba, duk garuruwan da ke kewaye ne sun san halinsa, babu mai ba shi masauki.

Aka yi shekara takwas a haka. Kullum in rana ta yi sanyi, Kyallu takan je bakin rijiya ta zauna ta fuskanci kudu. Daga ɗan ruwan da ta wahala ta ɗebo a nesa, takan zuba kaɗan a sakaina ta ajiye wa tsuntsaye. Wata Kurciya ta saba zuwa sha. Ran nan Kurciya ta sha ta ƙoshi, ta ɗaga kai ta ce, "Iya, kullum ina ganinki kina kallon hanya. Wa kike jira?"

Kyallu ta gaya mata.

Kurciya ta ce, "Fukafukaina sun san kudu. Me zan ce masa?"

Kyallu ta ce, "Ki ce ina gaishe shi. Ki duba mini ko ya rame."

Bayan kwana tara Kurciya ta dawo. Ta ce, "Na same shi. Yana dako a kasuwar wani birni, ɗaki ɗaya suke ciki su uku. Ya ɗan rame. Ya ce ruwan can yana cika ciki amma ba ya kashe masa ƙishi kamar ruwan gida. Ya ce in tambaye ki, ya dawo?"

Kyallu ta ce, "Bai dawo ba."

Gizo yana maƙale a reshen kanya yana jin su. Kun san Gizo da tsamin baki. Washegari sai ga shi gaban mai unguwa yana cewa, "Yanka ya daɗe, na yi mafayki da yijiya." Bari in faɗa muku sauran da bakina, don kada ku yi ta dariya ku rasa labarin. Cewa ya yi rijiya fushi take yi, shekara da shekaru ana sha daga gare ta ba a taɓa ba ta ko ɗanɗane ba. A dama fura da nono ƙwarya guda, a zura shi ciki ya ba ta haƙuri.

Aka dama, aka zura shi. Ya zauna a ƙasa ya shanye tas, ya lashe ƙwarya, ya girgiza igiya aka jawo shi. Ya ce, "Ta karɓa, amma ta ce fura ba ta riƙe ciki."

Aka tuƙa tuwo da miyar kuka, aka zura shi. Ya cinye, ya fito yana sakace. Ya ce, "Ta fara saukowa, amma ta ce tuwo ba nama raini ne."

Mai unguwa ya ce, "Ina muka ga nama a garin nan?"

Gizo ya ce, "Ai Iya Kyallu tana da akuya."

Akuyar nan ita kaɗai ta rage wa Kyallu, nononta take sha. Amma kun san mai kewa, ko an ce ya ba da idonsa zai bayar. Ta kwanto akuya ta jawo ta bakin rijiya. Ta ce, "Bari in fara zura guga in gani, ko tuwon jiya ya yi aiki."

Da ta jawo sai ta ji nauyi. Ta ja, ta ja, sai ga wani tsohon Kwaɗo zaune a cikin guga, fatarsa duk ta yamutse.

Kwaɗo ya ce, "Baiwar Allah, mayar da akuyarki. Ni ne na rage a ƙasan rijiyar nan. Fura da tuwo duk a cikin Gizo suke, ko ɗigo bai zubar ba, ina kallo ina haɗiyar miyau."

Aka waiga, Gizo ya riga ya haye ƙololuwar kanya.

Kyallu ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Kwaɗo ya bar ta ta yi kukanta, sannan ya ce, "Ni ma ina da waɗanda nake kewa. Da can mu ɗari ne a nan, in muka fara waƙa da damina har kan tsauni ana ji. Yanzu in na yi kuka, muryata ce kaɗai ke amsa mini. Amma na san abin da ku na sama ba ku sani ba."

Mai unguwa ya ce, "Muna jinka."

Kwaɗo ya ce, "Kuna zaton rijiya ita ke haifar ruwa? Ba ita ba ce. Ƙasar nan da kuke takawa randa ce babba, rijiya bakinta ne kawai. Da, in aka yi ruwa, ciyawa takan riƙe masa ƙafa, saiwar itace ta nuna masa hanya, ya nutse a hankali, ya yi wata da watanni yana tafiya a cikin yashi, har ya zo yana tsattsafowa ta bangon ɗakina. Yanzu kuna ta ɗiba, ba mai zubawa. Ruwan sama baƙo ne. Baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba, gaisuwa yake yi a tsaye ya wuce."

Kyallu ta ce, "Yaya ake yi wa ruwa shimfiɗa?"

Ya ce, "Ku jera duwatsu a gicciye a jikin gangare, layi bayan layi, su karya masa gudu. Ku haƙa ƙananan ramuka kamar jinjirin wata, bakinsu yana kallon tsauni, ku zuba taki da kara a ciki. Gara za ta zo ci, ta huhhuda fakon nan. Sannan ku haƙa tafki a saman rijiya. Amma in gaya muku gaskiya, ba aikin shekara ɗaya ba ne."

Mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya. Gida bakwai suka fito, maza da magirbi, mata da kwanduna. Kyallu ba ta iya ɗaukar babban dutse, sai ta riƙa tara ƙanana a zane tana cike tsakanin manya. Aka sauko da Gizo aka ce shi ma sai ya yi. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya, ya ce bayansa ya riƙe, ya kwanta a inuwa yana ba da umarni.

Damina ta farko ta zo. Ruwan farko da aka yi ya kwaso daga tsauni, ya tarwatsa layin duwatsu, ya cike tafki da yashi. Aikin wata huɗu ya tafi a yini ɗaya.

Gida biyu suka ɗaure kaya suka bi hanyar kudu. Kyallu ta leƙa rijiya ta ce, "Kwaɗo, ka gani?"

Ya amsa daga ƙasa, "Daga ina kuka fara jera duwatsun?"

Ta ce, "Daga gindin tsauni."

Ya ce, "Laifina ne da ban faɗa ba. Ba a tare doki bayan ya yi nisa da gudu. Ku fara daga sama, inda ruwan yake ɗan jariri."

Kurciya ta je kudu ta dawo. Ta ce, "Ladingo ta yi tsawo. Ya ce in tambaye ki, ya dawo?"

Kyallu ta ce, "Bai dawo ba."

Gida biyar suka hau kan tsauni da rani, rana tana dukan ƙeya. Suka fara daga ƙololuwa suna saukowa. Hannuwa suka yi kanta, farce suka kakkarye. Aka yashe tafki, aka ƙara masa faɗi.

Damina ta biyu ta zo. A wannan karon ruwa ya sauko yana tuntuɓe, layi ya miƙa wa layi, ya shiga ramuka ya zauna, ragowar ya gangaro tafki a hankali har ya cika fal. Mata suka yi guɗa. Ciyawa ta tsiro a inda aka manta da launinta.

Amma kafin a gama girbi, tafki ya fara raguwa. Kafin sanyi ya shiga, ya ƙafe ƙaf, sai taɓo. Aka zura guga a rijiya, ya fito wayam.

Mai unguwa ya ce, "Ƙasa ta shanye mana wahalarmu."

Kwaɗo ya ce, "Ai abin da ake so ke nan. Randar da ta yi shekaru a bushe, sai ta fara shan nata kafin ta riƙe na mutane. Ku zo ku taɓa bangon ɗakina, ya fara danshi."

A wannan lokacin Kurciya ta dawo daga kudu, ta sauka bakin sakaina ba ta sha ba.

Kyallu ta ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Nomau yana kwance. Tari ne ya kama shi, ya daina zuwa kasuwa. An aurar da Ladingo, ita da mijinta ke kula da shi. Ya ce in gaya miki yana so ya ga gida. Ya ce ko rabin guga ne ki faɗa masa, zai hau jaki ya taho."

Sai ga Gizo ya sauko ta zarensa har daidai kunnen Kyallu, ya ce, "Iya, wannan ai mai sauƙi ne. Ki juye tulu ɗaya a rijiya, ki zura guga ki jawo. Guga ya fito da ruwa ko bai fito ba? Ba ki yi ƙarya ba. Ki ga ɗan'uwanki, ni kuma ki ba ni ƙwaryar nono ladan shawara."

Yara, Kyallu ta tashi ta ɗauko tulun. Ta kawo shi har bakin rijiya, ta karkata shi. Ta tuna fuskar Nomau, ta tuna yadda yake kama mata zane yana ƙarami. Sannan ta tuna in ya taso, ba shi kaɗai zai taso ba. Duk wanda ya ji labari zai biyo shi, da tsofaffi da masu goyo, su bar ɗan abin da suka samu a can, su zo su tarar da laka.

Ta miƙar da tulun, ta ajiye.

Ta ce wa Kurciya, "Ki ce masa bango ya yi danshi. Ki ce masa tsauni ya yi gashi. Ki ce ya yi mini haƙurin damina ɗaya, ya riƙe ransa da kyau."

Kurciya ta ce, "In ya tambaya ko ruwa ya dawo fa?"

Kyallu ta ce, "Ki ce bai dawo ba."

Ranin nan ta yi aiki kamar ba tsohuwa ba. Tana kan tsauni tun kafin zafi ya tashi, tana dasa 'ya'yan gawo da bagaruwa a cikin ramuka, tana kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da mutane suka ga haka, kunya ta hana kowa zama. Suka haƙa tafki na biyu. Suka gyara indararon kowane gida ya riƙa kai ruwan rufi cikin rami mai tsakuwa maimakon titi.

Damina ta uku ta zo, ta yi kyau, ta wuce. Tafkuna suka cika, suka nutse. Aka yi girbi. Kyallu ta ƙi zura guga, tana tsoron abin da za ta gani. Sai wata safiya, rani ya fara shiga, ta ji Kwaɗo yana kira daga ƙasa, muryarsa ta sauya.

Ya ce, "Baiwar Allah, zuro."

Ta zura. Igiya ta tafi, ta tafi, sai ta ji cuɓul. Ta jawo guga cike, yana zuba ta gefe. Ta ɗiba da tafin hannu ta kurɓa. Sanyin nan ne, bai sauya ba.

Ba ta jira kowa ba, ta kira Kurciya ta ce, "Tashi. Kada ki tsaya cin gero a hanya. Ki ce masa ya dawo."

Kwana tara suka cika, babu Kurciya. Kwana ashirin. Wata guda. Rijiya tana ta hauhawa, mutanen gari suna rage tsawon igiya, Kyallu kuwa abinci ya daina shiga.

Ranar kwana arba'in, da hantsi, aka hango ƙura daga kudu. Ayari ne, jakuna da mutane da awaki. Kowa ya ruga bakin kwazazzabo yana neman nasa. Kyallu ta tsaya da sandarta tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ga wane, ga 'ya'yan wane. Ayari ya wuce har ƙarshe. A can baya sai ga wata matashiya da goyo, mijinta yana jan jaki, Kurciya tana zaune a kan kaya ta sunkuyar da kai.

Matashiyar ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ni ce Ladingo."

Kyallu ta dubi jakin. Ba kowa a kansa.

Ladingo ta ce, "Kurciya ta same shi da ransa, Gwaggo. Da ya ji saƙonki ya tashi zaune, abin da ya yi wata uku bai yi ba. Ya yi dariya, ya ce, 'Na san Yaya ba ta aiko da abin da ba ta gani ba. Ku ɗaure kaya.' Shi ya aika gida gida aka gaya wa mutanenmu. Kwana biyu kafin mu taso Allah ya karɓi abinsa."

Kyallu ta ce, "Da na aika bara, da ya ga gida."

Ladingo ta ce, "Da kin aika bara, da mun zo mun koma, kuma da ba wanda zai sake yarda ya taso. Dubi bayanki, Gwaggo. Gida talatin ne."

Kyallu ta waiga. Ta ga hayaƙi ya fara tashi a gidajen da suka yi shekaru a rufe, ta ji ana kiran sunayen da ta daɗe ba ta ji ba. Hawaye yana zuba, ta miƙa hannu ta ce, "Kwanto mini yaron nan, ya sha rana."

Ta kai shi bakin rijiya, ta yi masa wanka da hannunta, yana ta wutsil-wutsil yana kama mata hanci. Da ta gama ta goya shi, ta ce wa mijin Ladingo, "Ka huta yau. Gobe akwai gayya, layi na huɗu ya zube a kan tsauni, kuma gida talatin sun fi biyar shan ruwa."

Gizo kuwa ya tare baƙi yana gaya musu shi ya shiga rijiya har sau biyu ya sasanta ta da mutane. Mai unguwa ya miƙa masa kwando ya ce to gobe shi zai yi gaba. Kafin gari ya waye ya shige saƙon rufin ɗaki, har yau can yake.

To kun ji. Abin da ba ka zuba ba, kada ka sa ran ɗiba, ko a ƙasa ne ko a zuciyar mutane. Kuma duk yadda kewa ta kai, kada ta sa ka kira naka da ƙarya. Kyallu ba ta sake ganin ƙanenta ba, amma gaskiyarta ta dawo da gari guda.

Ƙungurus kan kusu. Kusun ya yi rami, ku kuma ku yi shimfiɗa.